Tsakanin “An Yi” da “Na Yi”

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a wajenmu, amma ta Inna har da ƙari. Ba sunan kaɗai take gudu ba, har “kin” da “ki” ba ta yi mini. Da safe sai ta dubi bango ta ce, “An tashi lafiya?” In na dawo daga makaranta ta ce, “An dawo? A je a ci abinci.” Ranar da na kawo mata takardar shaidar malanta, ta karɓa ta juya ta gaba da baya, alhali ba ta karanta boko, ta ce, “An gode Allah,” ta cusa ta ƙarƙashin katifa. In kuwa wani cikin ƙannena ya fara cika baki, na yi kaza na yi kaza, sai ta katse shi da maganar da ta fi so a duniya: yabon kai jahilci. Da wannan na girma, ban kuma taɓa zaton zai biyo ni har ƙasar Turawa ya tsaya tsakanina da takarda ba.

Shekara tara na yi ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta a Zariya, 'yan shekara huɗu zuwa shida, masu majina da kuka da tambayar da ba ta ƙarewa. Ina son aikin, ba na ɓoyewa. A cikin shekarun nan na fara karatun digiri na ƙarshen mako, na kai tsakiya, sai baban yara ya samu tallafin karatu zuwa Manchester. Aka ce a tattara. Na tattara, na bar digirin a inda yake, rabi, ba gaba ba baya. Ban yi ƙorafi ba, amma abin ya tsaya mini a rai, don ni mutum ce da ko tuwo ba na son in bar shi rabi a kwano.

Mun sauka a unguwar Old Trafford, a wani gida mai ɗaki biyu a saman bene. Ranar da ake wasan ƙwallo, titinmu ya cika da mutane masu jajayen riguna suna waƙa, ni kuwa ina leƙe ta taga da ƙaramar 'yata a baya. Baban yara ya fita tun safe zuwa wajen kwalabensa, don bincikensa a kan ruwan sha ne, babban ɗanmu yana makaranta, ni da bango. Bayan wata shida na ji in na ƙara zama haka zan fara hira da tukunya. Sai na shiga wata kwaleji da ke kusa, na rubuta sunana a kwas ɗin kula da tarbiyyar ƙananan yara.

Kwas ɗin na shekara biyu ne ga mai zuwa kullum. Duk darasin da ka gama ka ci, sai a rubuta maka maki, su suna kiransa kiredit, kuma ɗari da ashirin ne ke cika shekara guda. Ni kwana biyu nake zuwa a mako saboda ƙaramar ba ta isa makaranta ba tukuna. A haka, a hankali, na tara arba'in. Abin da ake koya mana rabinsa na riga na san shi da hannuna, sai dai ban san sunansa na Turanci ba. Malama tana bayanin yadda ake rarrashin yaron da uwarsa ta ajiye shi ta tafi, 'yan matan ajin suna rubutawa da sauri, ni ina zaune ina tuna yara talatin da na rarrasa a safiya ɗaya. Ban ce wa kowa komai ba.

Ana cikin haka malamin da ke duba binciken baban yara ya koma wata jami'a a Birmingham, ta wajen Aston, ya ce ɗalibansa su bi shi. Aka sake cewa a tattara. Wannan karon na yi magana, har da ɗaga murya. Na ce masa ni ba jaka ba ce da za a riƙa ɗauka ana ajiyewa. Ya san da gaskiyata, amma sanin bai hana tafiya ba. Muka zauna muka duba bizarmu: saura wata goma sha bakwai. In na fara kwas ɗin daga farko a Birmingham, shekara biyu nake bukata, ba ni da su. Ke nan zan koma gida da rabin digiri na Zariya da guntun kwas na Manchester, in tarar da Inna ta ce, “An dawo?” ba ni da abin da zan miƙa mata ta sa ƙarƙashin katifa.

Na je ofishin kwalejin don in ce musu na daina zuwa. Wani dattijon Bature ne a wurin, tabarau rataye a wuyansa da igiya. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ina sauri don kada hawaye su ba ni kunya. Ya tambaye ni garin da za mu koma, ya danna na'urarsa, ya ce in zauna. Ya ce akwai wata kwaleji a Birmingham da suke da yarjejeniya da ita, don jami'a ɗaya ce ke sa hannu a takardunsu duka biyun, saboda haka arba'in ɗina za su bi ni, ba za su zube ba. Sannan ya ɗaga kai ya ce, “Kafin ki zo nan me kike yi?” Na ce koyarwa. Ya ce shekara nawa? Na ce tara. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce na binne kuɗi a bayan gida na manta.

“Shekara tara, kika zauna a aji ɗaya da 'yan shekara sha takwas, ba ki faɗa wa kowa ba?”

Na ce ba wanda ya tambaye ni.

Shi ne ya fara gaya mini cewa ana iya ba mutum maki a kan abin da ya riga ya koya a wurin aiki, in har zai iya kawo hujja. Sauran tamanin da suka rage mini na shekarar farko, ana iya ba ni su ta wannan hanya, in shiga shekara ta biyu kai tsaye a watan Satumba, in gama a Yuni, da sauran wata uku a bizarmu. Ya buga mini takardar sakamakona, ya rubuta sunan ofishin da zan je a bayan ambulan. Ban sake ganinsa ba, amma har yau in na tuna shi sai na yi masa fatan alheri. A bas na dawo gida ina cewa a raina, ashe da tsohuwar zuma ake magani.

A Birmingham mun samu gida a Handsworth, cikin jerin tsofaffin gidajen jan bulo da suka manne da juna, har kana jin tarin maƙwabci. Mako na biyu na shiga bas na nemi kwalejin. Aka haɗa ni da malamar da ke duba irin wannan buƙata, wata baƙar mace mai furfura a gaban goshi, iyayenta daga tsibiran Karebiyan suka zo, ita kuwa a unguwar da muka sauka aka haife ta. Ba ta da yawan murmushi. Ta ce arba'in ɗin Manchester ba matsala, yarjejeniya ta riga ta gama wannan. Tamanin ɗin ne aiki. Ta ba ni jerin abubuwan da ɗalibin shekarar farko ya kamata ya iya, ta ce a kan kowanne in rubuta abin da ya faru a wurin aikina da ke nuna na iya shi, in haɗa da wasiƙar wanda ya ga aikin da idonsa. Duka a sa a fayil ɗaya, ya isa gaban kwamiti kafin ƙarshen Yuni.

Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Kullum in na kai yara makaranta, don ƙaramar ma ta shiga, sai in wuce laburaren unguwa in zauna kusa da hita don ɗumi in yi ta rubutu har azahar. Labarai suka riƙa zuwa da kansu. Wanda ya fi tsawo shi ne na wata yarinya 'yar shekara biyar da aka kawo ajina, kowa yana kiranta mai taurin kai. A kira ta ba ta amsawa, a aike ta ta kawo wani abu daban, a gida kuma bulala ce maganin. Na rubuta yadda aka gano ba taurin kai ba ne, kunnenta ne, da yadda aka mai da ita kujerar gaba, aka je gidansu, aka kai ta asibiti. Na gama shafi ashirin da 'yan kai a mako uku.

Da na gama na ba baban yara ya duba mini Turancin, tunda shi ne mai neman zama dakta. Ya zauna da biro ya gyara mini kamar yadda yake rubuta labarin kwalabensa. 'Yan wuraren da “ni” ta suɓuce mini ta shiga, duk ya soke su. Ya ce, “A rubutun ilimi ba a cewa ni. Cewa ake an auna, an gano, an lura. Haka ake yi a jami'a.” Maganar ta yi mini daɗi, don ta zo daidai da abin da na sha a nono. Na gode masa har da ƙara masa nama a miya.

Hedimastan makarantarmu ta Zariya kuwa, dattijo ne mai tsantseni, ina kiransa a waya ya ce in ba shi kwana uku. Ya aiko wasiƙa mai hatimi biyu da sa hannu mai wutsiya. Na haɗa komai na kai wa malamar, ina jin kaina kamar wadda ta gama aikin hajji. Ashe da sauran rina a kaba.

Bayan mako guda ta kira ni. Fayil ɗin yana kan teburinta, ta turo mini shi. Na buɗe. A gefen kowane shafi, da koren biro, kalma ɗaya ce take ta maimaituwa: Who? Wato wa? An lura yarinyar ba ta ji sosai. Wa? An mai da ita gaba. Wa? An je gidansu an yi magana da mahaifinta. Wa? Daga baya na ƙirga su a bas, guda talatin da bakwai. A wurin dai ban ƙirga ba, zuciya ce ta taso mini. Saura kaɗan in ce mata aljanu ne suka yi.

Da Turanci muke magana, amma ga abin da ta ce. Ta ce kwamiti ba zai ba ni maki ko ɗaya a kan wannan ba. Ta ce labaran suna da kyau, makarantar da aka yi su a cikinta ta cancanci yabo, amma ba makarantar ce ke neman shiga shekara ta biyu ba. Ta ce ta karanta shafi ashirin ba ta gan ni a ciki ba ko sau ɗaya.

Sannan ta ɗauko wasiƙar hedimasta ta karanta mini da ƙarfi. Cewa ya yi ni 'yar gidan mutunci ce, mai ladabi da biyayya, mai tsoron Allah, ban taɓa makara ba, ban taɓa faɗa da kowa ba, kuma yana roƙon duk wanda abin ya shafa ya taimaka mini. Ta ajiye ta ce, “Ina son in haɗu da wannan matar. Amma me ta iya?” Sai a lokacin na ji wasiƙar da kunnen baƙo. Irin shaidar da ake bayarwa ce in an zo binciken aure.

Na ce mata, ina ƙoƙarin danne muryata, a wajenmu mutum ba ya zama yana lissafa abin da ya yi. Na ce muna da karin magana, yabon kai jahilci, na fassara mata iyakar iyawata. Na ce aikin makaranta ba na mutum ɗaya ba ne, kuma komai da ikon Allah ake yin sa.

Ta saurare ni har na kai aya. Ta ce kakarta ma tana da magana irin wannan, kuma ba ta raina ta ba. Sai ta jawo shafin yarinyar ta ɗora yatsa a kai.

“Da kin mai da yarinyar nan gaba, kin je gidansu, uban ya fusata ya cire ta daga makaranta, wa hedimasta zai kira ofis?”

Na ce, “Ni.”

“Da an kai ta asibiti an ce kunnenta lafiya lau, kin tayar wa mutane hankali a banza, wa zai ji kunya?”

“Ni.”

“To da abin ya yi kyau, ina kika tafi?”

Ta ce ba yabo take nema ba, shaida take nema, kuma wanda ya ga abu da idonsa ya ƙi faɗa, ba tawali'u ya yi ba, ɓoye shaida ya yi. Ta ba ni kwana goma sha biyu, don bayan nan kwamiti zai rufe karɓa.

Na fito ana yayyafi, na ƙi buɗe lema don haushi. A bas na yi ta yi mata faɗa a zuciyata, ita da koren bironta. Da na isa gida na juye sauran a kan baban yara. Na ajiye masa fayil ɗin a gabansa na ce, “Ga aikinka nan, dakta. An auna, an gano, an faɗi.” Ya karanta koren rubutun, ya sosa ƙeya, ya ce, “Wallahi ni na ɗauka report ne.” Na ce ai ni ba kwalba ba ce. Ya yi dariya, na harare shi, ya haɗiye ta. Daga ranar ya ɗauki kai yara makaranta da ɗauko su har na gama, kuma na hana shi taɓa mini ko waƙafi.

Washegari na koma laburare na buɗe shafin yarinyar. Na rubuta “Na lura,” na tsaya. Ba wasa nake yi ba, na ji kamar Inna tana tsaye a bayana tana kallon bango. Na soke, na sake rubutawa, na tashi na sha ruwa. Sai na ce bari in daina tunanin kalmar, in tuna ranar kawai.

Da na yi haka sai na ga abubuwan da “an” ta haɗiye. Ba wai an lura ba ne kawai. Ni ce na ga yarinyar kullum tana karkata kai tana miƙo kunnen dama, kuma in ina magana bakina take kallo, ba idona ba. Ni ce na zaga bayanta wata ranar Talata ana tsakiyar rubutu, na saki makullaina a ƙasa ta gefen hagunta. Duk ajin suka waiwayo, ita ko gezau. Na maimaita kwana uku don kada in yi wa 'yar mutane ƙarya. Ni ce na daina magana ina fuskantar allo, na koma fuskantar yara, na yanka kwali na zana hotuna don ta ga abin da ba ta ji ba. Ni ce na je gidansu sau biyu, karon farko uban ya ce malaman zamani ba su da aiki sai neman dalilin lalata yara, karo na biyu na tafi da makullan na yi a gabansa a zaure. Da ya gani da idonsa, ya yarda. Aka kai ta asibiti, aka tarar kunnen ya daɗe yana ciwo, aka yi magani. Bai dawo duka ba, amma bulala ta tsaya, kuma kafin ƙarshen shekara yarinyar tana karanta sunanta.

Ina rubutawa ina hawaye a laburaren mutane. Ba na baƙin ciki ba ne. Shekara da shekaru ina ɗauke da labarin nan, ban taɓa ba kaina shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Wata tsohuwa 'yar Indiya da ke karanta jarida kusa da ni ta turo mini tishu ba tare da ta ɗago kai ba.

Saura hedimasta. Na kira shi, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi maigida da yara da sanyi. Na ce, “Ranka ya daɗe, wasiƙar nan ta yi kyau ƙwarai, sai dai mutanen nan ba halina suke tambaya ba. So suke a faɗi abin da na yi da hannuna, ɗaya bayan ɗaya.”

Ya ce, “Malama, ai abin da ya fi muhimmanci na rubuta. Aiki kowa yana yi, hali ne ke wuya.”

Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe. Amma sun ce in ba a faɗa ba, ba a yi ba.”

Ya yi 'yar dariya ya ce, “Ikon Allah. To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ki ba ni kwana biyu.”

Wasiƙa ta biyu shafi uku ce. Ashe dattijon nan yana gani, shiru kawai yake yi. Ya rubuta labarin makullai. Ya rubuta cewa ni na fara ajiye littafin da ake rubuta wanda ya zo ɗaukar kowane yaro, bayan ranar da wani yaro ya bi maƙwabcinsu aka yi ta nema. Ya rubuta sababbin malamai huɗu da ya tura ajina su zauna su ga yadda nake yi, abin da ni na ɗauka rashin aji ne ya sa ake turo su. A ƙarshe dai bai haƙura ba, sai da ya ƙara cewa ina da ladabi da biyayya. Na bar masa wannan.

Na miƙa fayil ɗin saura kwana ɗaya. Bayan mako biyu aka kira ni gaban kwamiti, mutum biyu da ban sani ba, namiji da mace, malamata kuma tana gefe da bironta. Namijin ya ce in ba su labarin lokacin da na gano wani yaro yana da buƙata ta musamman. Na buɗe baki, tsohon hali ya riga ni, na ji kaina ina cewa an lura. Ban dubi malamar ba, amma na ji ƙarar biro ya taɓa tebur sau ɗaya. Na tsaya, na ce, “Ku yi haƙuri. Ni na lura.” Daga nan ban san yadda minti arba'in suka wuce ba. Har na tashi tsaye na nuna musu yadda na saki makullan, matar ta ce a ba ta aron dabarar.

Saƙon ya zo ranar wata Alhamis da la'asar, ina yanka albasa. An ba ni tamanin ɗin cif, an haɗa da arba'in na Manchester, an ce in zo in yi rajistar shekara ta biyu. Na shiga a Satumba, na gama a Yuni, da wata ukunmu a hannu kamar yadda dattijon nan mai tabarau ya lissafa. Ranar da na je yi wa malamar godiya na kai mata dambun nama a roba. Ta ɗanɗana ta ce wa ya yi? Na ce ni na yi. Ranar ce na fara ganin haƙoranta.

Amma abin da na fi tunawa shi ne wayar da na yi a ranar Alhamis ɗin nan, hannuna yana warin albasa. Na kira ƙanwata na ce ta kai wa Inna wayar.

“An wuni lafiya?” in ji Inna. “Ya yaran? Ana dai rufe musu kai saboda sanyi?”

Na amsa mata duka. Sannan na ce, “Inna, na ci. Sun yarda in wuce shekara ta biyu.”

“An gode Allah. Jarrabawa aka yi?”

Na ce ba jarrabawa ba ce, tambayata aka yi abin da na yi a shekara tara na koyarwa. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ci gaba. Na ba ta labarin yarinyar nan tun daga farko, da makullai da zaure da asibiti, kuma duk da “na” na ba ta shi. Ina faɗa ina jiran ta katse ni da maganarta. Ba ta katse ni ba. Da na gama, kukan awaki kawai nake ji a tsakar gidanmu.

Can ta ce, “Ai na sani.”

Na ce, “Wa ya gaya miki?”

“Uwar yarinyar ta zo gidan nan, tun shekarar. Da ƙwan zabi a ƙwarya. Ta durƙusa a ƙofar ɗakina tana kuka, ta ce a gode wa malama.” Ta ɗan yi tari. “Ƙwan dai an soya an ci. Saƙon ne ban isar ba.”

Na jingina da firji na toshe bakina da gefen mayafi.

Sai na ji ta sauke murya, kamar mai tsoron kada bango ya ji, ta ce, “Kin yi ƙoƙari.”

Shekarata talatin da shida a lokacin. Kafin in samu numfashin amsawa har ta gyara murya ta koma inda ta saba.

“An ci abinci kuwa?”

Na share fuska na ce, “An ci, Inna.”